Shuɗiyar Ƙofar Majo Iliya

A Yamai, in ka tambayi mutum gidansa ya karanta maka lambar titi, to baƙo ne, ko kuma ba ya son ka zo. Ɗan gari cewa zai yi: ka wuce famfo, ka bar mai tuyar farimasa a hagunka, ka ƙidaya ƙofa uku, ta huɗun tsanwa ce, nan za ka yi sallama. Da launin ƙofa ake gane gida a garin nan. Kowa ya san haka, har da Hannatu ƴar Majo Iliya. Sani kam ta sani, amma aiki ya mantar da ita, mantuwar da ta kusa gamawa da tsohonta.

Majo Iliya mutumin Dogondutsi ne, malamin jinya. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wata ƴar likita, wato ƙaramin asibiti, a Harobanda, can ƙetaren kogi, shi ne babba a cikinta, shi ya sa ko da ya ajiye aiki ba wanda ya daina ce masa Majo, laƙabin babban malamin jinya. A daminar da kogin Isa ya yi hauka, hawan jini ya riga ya kayar da shi, yana kwance a babban asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana nan kwance ruwa ya shiga kartiyensu, wato unguwarsu, ya narkar da gidajen ƙasa kamar sukari a shayi. Da aka sallame shi babu gidan komawa. Hannatu ta sa aka kwantar da shi a bayan taksi, aka kawo shi ciki da falon da take haya a Bobiel, aka shiga da shi ɗaki a hannu, idonsa a rufe saboda rana.

Shekara uku ke nan. Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado. Tagar ɗakin ƙarama ce, kuma ba abin da take nunawa sai bangon maƙwabta. An faɗa masa gidan ya tafi. Hannatu ta faɗa, fasto ya faɗa, ɗansa Joshuwa ya taso takanas daga Maradi ya faɗa. Ya ji da kunne, amma bai yarda ba. Makullin ƙofar yana nan a aljihun rigarsa ɗaure da igiyar leda, kuma bai taɓa kiran ɗakin Bobiel gida ba. Masauki yake ce masa.

Kullum da safe, tana miƙa masa kunu, sai ya ce, "Hannatu, yau za mu gida?"

"Sai ka ƙara jin ƙarfi, Baba."

"Jiya ma haka kika ce."

"To ai jiya ma ba ka ji ƙarfin ba. Sha kununka kada ya huce."

Ita ta je wurin sau ɗaya, ita kaɗai. Inda gidan yake ya zama fadama, wani mai lambu ya shuka salati a kan ɗakin Innarta. Likita kuwa ya ja mata kunne cewa kada a bari wani abu ya girgiza tsohon nan. To ina za ta kai shi? Ta kai shi ya ga salati? Sai ta riƙa yin ƙarya kowace safiya, ƙaryar tana cin ta, ta bar shi a hannun matar maƙwabcinsu ta fita neman taksin Gaweye, inda take aiki, tana jin haushin kanta.

A Gaweye kuma wani ɗakin ne ke jiranta, shi ko tagar ma babu. Biro suke ce masa, wato ofis, don girmamawa: ordinatar huɗu, wato kwamfuta, fanka ɗaya mai kuka, da patoronsu, mai wurin, Nassirou. Gadar da ke ƙetarawa Harobanda tana nan kusa, taku kaɗan, amma Hannatu ko kallon wajen ba ta yi in ta sauka daga taksi. Aikinsu gina gidaje ne a cikin ordinatar, irin waɗanda mutum zai buɗe a wayarsa ya yi ta yawo a tsakaninsu da babban yatsa, ya bi lungu, ya juya, ya ɗaga kai ya ga rufi. A bana ƙungiyar mutanen da ruwa ya tarwatsa daga kartiyen su Majo ta kawo musu aiki: a sake gina musu kartiyen yadda yake, gida ɗari uku da goma sha biyu, don wanda ya koma Bobiel da wanda ya koma ƙauye kowa ya samu ya leƙa. Sharaɗinsu ɗaya ne, abin ya buɗe ko a wayar da ta fi kowace talauci.

Ranar da Hannatu ta ji wannan aiki ba ta tsaya tunani ba. Tana komawa ta durƙusa gaban kujerar tsohon ta ce, "Baba, zan kai ka gida. A cikin waya ne, amma za ka tsaya a ƙofarka ka gan ta da idonka."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Kin yi alkawari?"

Ta ce ta yi. Kash, da ta san abin da ta ɗauko!

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Gidan cikin waya ƙwanso ne: bango huɗu da rufi, ciki wayam, ko tabarma babu. Abin da ke sa ya yi kama da gida shi ne hoton da ake lulluɓa masa, hoton bango, hoton kwano, hoton ƙofa. Tekstir suke ce wa hoton nan, kuma shi ne mai nauyi. Ƙaramar waya in ka ɗora mata hotuna da yawa sai ta yi zafi, ta daskare, ta rufe kanta. Don haka Nassirou ya kafa doka: hoto ɗaya tak, babba mai kusurwa huɗu, daga cikinsa za a yanka wa dukan kartiyen sutura. Hannatu ta sa masa suna turmi, domin aikin ya koma na telan da aka ba turmin atamfa ɗaya aka ce ya ɗinka wa mutum ɗari uku riga. A saman turmin ta shimfiɗa bangon ƙasa, ana maimaita shi, a juya shi ta nan a kife shi ta can don kada ido ya gane. Ƙarƙashinsa bangon sima, wato siminti, sai kwano, sai taga ɗaya, sai gurbin ƙofa ɗaya. Ko wurin ajiye allura bai rage ba.

"Patoron," ta ce wa Nassirou wata safiya, "ka ba ni hoto na biyu. Ƙarami, na gida ɗaya kawai."

Nassirou ko juyowa bai yi ba. "Na gidan Majo."

"Na gidan Majo."

"Haba Hannatu. Mutum ɗari uku ne a ƙungiyar nan, kowa da ubansa. In na ba ki, gobe Alhaji Ousmane shugaban ƙungiya zai shigo da hoton gidansa, jibi wata ta kawo na kakarta. Kuma ba ni ke hukunci ba, ga Alƙali can."

Ya nuna wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da ke kan tebur ɗaure da roba. Alƙali suke ce mata, don duk abin da suka gina sai an gwada a kanta. In ta ɗauka ya wuce, in ta suma a koma baya. Ba ta san ƴar kowa ba.

Nassirou ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba Hannatu haushi. Ta koma kujerarta ta zuba wa turmin ido. Gurbin ƙofa ɗaya. To, wa ya ce ƙofar wa za a sa a ciki? Ba wanda ya ce.

A wayarta akwai hoto ɗaya na ƙofar gidansu, shi kaɗai ya tsira, don sauran hotunan gidan ruwa ya tafi da su. Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya. A tsakiyarta, daidai tsayin kafaɗa, akwai tafin hannu. Wata shekara ana jibi bikin Nowel, Majo ya yi wa ƙofar sabon fenti, Innar Hannatu ta dawo daga kasuwa da kaya a ka, ba ta tambayi kowa ba ta dafa ƙofar ta tura. Yatsu biyar cif suka zauna a cikin fentin. Majo ya yi faɗa kamar ya ari baki, ya rantse gobe zai shafe. Goben nan ta yi shekara goma sha tara ba ta zo ba, har Inna ta rasu ta bar hannunta a wurin.

Hannatu ta yanko ƙofar daga hoton, ta gyara haskenta, ta cusa ta a gurbin. Ta san sarai abin da zai faru: ordinatar za ta liƙa ƙofar nan a kowane gida, tunda ita kaɗai ce a turmi. Ta gani a allonta, ba ta damu ba. Mutanen sana'ar nan idonsu ya saba, taga ɗaya sau dubu ba ta dame su ba, abin da suke dubawa shi ne ko hoton ya karkace, ko ɗinkin bango ya nuna. Nassirou ma ya leƙo ya ce ƙofar ta yi kyau. Alƙali ta ɗauka lafiya lau. Hannatu ta koma Bobiel tana ganin ta yi wa patoron wayo.

Ranar Lahadi da ta dawo daga sujada, bayan tsohon ya ci tuwo, ta gyara masa matashi, ta sa masa tabarau, ta kafa wayar a kan cinyarsa. Ta nuna masa yadda zai riƙa turawa da babban yatsan dama.

Aka fara daga famfon bakin titi. Numfashin Majo ya canza. "Ikon Allah," ya ce. "Ga famfo. Ga dakalin masu dara. Kai, Hannatu!" Ya tura yatsa ya shiga lungu, sai ga shuɗiyar ƙofa a hannun dama da tafin hannu a tsakiyarta. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ta yi shekara uku ba ta ji ba. Dariya ce.

"Ga gida! Ga hannun uwarki!"

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya ƙanƙance ido. "Tsaya. Ai ba mu isa ba. Nan gidan Abdulaye tela ne, ƙofarsa ja ce. Me hannun uwarki yake yi a ƙofar Abdulaye?"

"Baba, ka ƙara gaba, namu yana gaba."

Ya ƙara gaba. Ƙofa ta biyu shuɗiya, da hannu. Ta uku ma haka. Ya juya hagu, layi guda na shuɗayen ƙofofi, kowace da hannun matarsa a ɗage kamar tana tsayar da shi. Ya juya dama, haka. Ya koma baya don ya sake farawa daga famfo, famfon ya ɓace masa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin lungunan nan da akwatin allura, ko ido a rufe ba ya ɓata, yau ga shi yana zagaya wuri ɗaya, yana ta karo da bango.

"Wanne ne nawa?" ya ce. "Hannatu, wanne ne nawa?"

Ta miƙa hannu za ta nuna masa, sai ta ga ita ma ba ta sani ba, sai dai in ta koma famfo ta ƙidayo.

"Fitar da ni," ya ce. "Fitar da ni daga nan."

Ta kashe wayar. Ya ce ta kwantar da shi, ya juya fuskarsa bango. Da maraice bai taɓa abinci ba. Washegari ta kawo kunu ta tsaya tana jiran tambayar nan da ta ƙi jini, bai yi ba. Ran Talata ma bai yi ba. Sai a lokacin ta gane ashe tambayar ce ke tashinsa kowace safiya. Tsoro ya kama ta, irin wanda bai kama ta ba ko ranar da ya faɗi.

A biro ta gaya wa Nassirou komai, har da wayon da ta yi masa, ta tsaya jiran faɗa. Shi kuwa sai ya shafa fuska ya ce, "Wallahi ni ma na kalla ban gani ba. Da mun kai wa ƙungiya haka, da ba wanda zai gane gidansa. Mutum ɗari uku za su ɓata, ba Majo kaɗai ba." Ya dubi allonta. "Amma turmi ɗaya ne, Hannatu. Ƙofa ɗari uku ba za su shiga ba ko za a yanka ni."

"Ba sai sun shiga ba," ta ce. Tun a taksi take juya abin a ranta. "A wanke wa ƙofar launinta ta koma ruwan toka. Sai kowane gida a rubuta masa nasa launi. Lamba ce kawai, ba ta da nauyi. Wayar ce za ta rina ƙofar in mutum ya iso."

"Wannan zai yi. Amma fa ƙofar sai ta zama ta kowa, ba wata alama a kanta." Ya sassauta murya. "Hannun nan sai ya fita."

"Na sani."

"To kuma wa ya san launin ƙofa ɗari uku da ke ƙarƙashin laka? Hotunan da ƙungiya ta kawo ko arba'in ba su kai ba."

Hannatu ta ce ta san wani.

Da hannunta ta goge. Ta faɗaɗa hoton har tafin ya cika allo, har ta ga inda zoben Inna ya ja fenti, ta riƙa ɗauko shuɗin gefe tana shafawa a kai. Ƙaramin yatsa ya tafi, na kusa da shi ya bi. Abin da Majo ya rantse zai yi ya kasa, ita ta yi shi cikin minti goma, hawaye na ɗiga a kan tebur, fanka na ta kukanta. Abokan aikinta biyu suka yi kamar ba su gani ba, Allah ya saka musu da alheri.

Amma Hannatu ƴar ubanta ce wajen taurin kai. Yini biyu ta yi tana laluben turmin nan, tana neman inda za ta tsakura. A rufi ta samu. Mai tafiya a ƙasa ba ya ganin saman kwano sai gefensa, don haka ta matse hoton kwanon ya ragu kaɗan, wani ɗan gurbi ya buɗe a kusurwa, bai fi farcen yatsa ba. Nan ta ajiye tafin hannun shi kaɗai, ta liƙa shi a ƙofa ɗaya tak a duk kartiyen. Ya ɗan dushe, zoben ba ya fitowa, amma yatsun biyar ne. Aka kai wa Alƙali, ta ɗan yi ɗumi, ta ɗauka. Nassirou ya leƙo ya ce, "Ni ban ga komai ba."

Saura launi. Ta shiga ɗakin tsohon da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, ta zauna a bakin gado. Har yanzu fuskarsa na bango, kwanon abincin rana yana nan yadda aka ajiye shi.

"Baba, na yi kuskure. Na ɓata kartiye, kuma ba mai gyarawa sai kai. Ƙofar Abdulaye tela ja ka ce. Ta kusa da ita fa?"

Ta jira har ta fara fid da rai.

"Ruwan ɗorawa," ya ce, yana magana da bango. "Gidan Safiya mai kopto, kwaɗon ganyen nan. Ƙasan ƙofar tsatsa ta ci. Ƴaƴanta bakwai, duk ni na yi musu rigakafi, na ƙarshen ya cije ni."

Ta rubuta. "Ta gaba fa?"

"Ki tashe ni zaune mana! Ya za a yi mutum ya yi aiki a kwance?"

Kwana goma sha ɗaya suka yi suna wannan aiki, da safe kafin ta fita, da la'asar in ta dawo. Sai ya rufe ido ya bi lungu yadda yake bi lokacin rigakafi, gida gida, ba ya tsallake ko ɗaya. Kuma ba ya ba da launi sai da labari. Wannan tsanwa ce, mai gidan ba ya buɗewa sai an ce masa Alhaji alhali ko Agadas bai taɓa zuwa ba. Wannan fara ce, amma yara sun mai da ita allo. Wannan ba ta da fenti, tano, gangar mai, aka fasa aka miƙe. In ta rubuta shuɗi sai ya ce, wane shuɗin, na bula ko na sama? Ya koma cin abinci, har da neman ƙari. Hannatu tana rubutu tana dariya, amma hankalinta ba a kwance yake ba, domin kullum in za su tashi sai ya ce:

"In mun isa zan nuna miki inda uwarki take ajiye kujerarta ƙarƙashin dogon yaro. Daga nan sai mu shiga ɗakina."

Ba ta taɓa gaya masa cewa gidajen ƙwanso ne ba. Kuma ba wai ba ta yi ƙoƙari ba. Lokacin hutun rana, abokan aiki sun fita neman dambu, ta gina tsakar gidan daga abin da take tunawa, da bishiyar, da kujerar, da randar ruwa, ta ɗora wa Alƙali. Alƙali ta yi zafi ta suma. Ta rage kaya, ta sake suma. Ta cire bishiyar da kujerar ta bar fili da bangon turmi, sai ya zama tsakar gidan kowa, ba na Majo ba, kuma ta riga ta ga abin da irin wannan ƙarya take yi masa. Ta goge. Ba inda za ta ƙara tsakura a turmi, kuma ba ta da bakin faɗa masa. Alkawari ya rutsa da ita gaba da baya.

Ranar Lahadin da aka gama, ya sa ta ciro masa farar rigarsa ta zuwa sujada, ya ce ba a komawa gida da rigar kwanciya. Ta kafa masa wayar a cinya.

Daga famfo ya fara. Ja. "Abdulaye, ina aiki?" Ruwan ɗorawa. "Safiya, a zuba mini kopto, a sa ƙuli da yawa." Yana tafe yana gaisuwa, wasu da Hausa wasu da Zabarmanci, har da waɗanda ƙasa ta daɗe da rufewa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya sha kwana a wajen farar ƙofa, ya wuce ta tano, sai ya rage tafiya. Ga ta nan ita kaɗai a layin, shuɗin bula, da hannu a tsakiya.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kan tafin ya rufe shi gaba ɗaya, don a wayar hannun bai fi ƙwayar gyaɗa ba. "Na ce zan shafe," ya ce a hankali. "Gara da ban shafe ba."

Sai ya sa hannu a aljihu, da ƙyar, ya ciro makullin nan mai igiyar leda ya ajiye a kan cinyarsa.

"To, buɗe mana."

Ƙarya ta zo wa Hannatu baki a shirye. Ba a gama ba, kuran, wutar lantarki, ya ɗauke mana, sai mako mai zuwa. Shekara uku tana yi, ai ba wuya. Ta dube shi cikin farar rigarsa, sai ta durƙusa ta dafa gwiwarsa.

"Ba ta buɗuwa, Baba. Babu komai a bayanta. Ba tsakar gida, ba dogon yaro, ba ɗakinka. Ƙofar kaɗai na iya tsirarwa." Ta ƙara riƙe gwiwarsa. "Can ma haka ne. Na je na gani da idona. Salati aka shuka a wurin."

Bai dube ta ba. Ya tura yatsa gaba, ƙofar ta matso har shuɗin ya cika gilashin, ta tsaya. Ya sake turawa da ƙarfi, ba ta motsa ba. Hannatu ta kafe ƙirjinsa da ido tana bin numfashinsa, ranta na karanta lambar likita.

Majo Iliya ya gyara murya yadda yake yi in ya dawo daga aiki. "Salamu alaikum," ya ce wa ƙofar. Ya jira, irin jiran mai ladabi. Ya sake sallama, ya sake jira. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Ba kowa," ya ce.

Ya kife wayar kusa da makullin. Ya daɗe yana kallon ƴar tagar nan da bangon maƙwabta, Hannatu na durƙushe a kan sima.

"Hannatu."

"Na'am, Baba."

"Ƙofar nan ta waje, wadda aka shigo da ni ta cikinta, wane launi gare ta?"

Ta buɗe baki za ta faɗa, ya ɗaga mata hannun dama.

"A'a, kada ki faɗa. Je ki kira maƙwabta su kama mini kujera in gani da idona. Shekara uku fa! In mutum ya tambaye ni gidana, in ce masa me?"